Zomayen Elhadji Habibou

A gininmu na unguwar Highbridge da ke Bronx, a New York, can saman tudun da bas kanta sai ta yi nishi kafin ta hau, babu wanda bai san Elhadji Habibou ba, domin ko ba ka tambaya ba zai tare ka a matakala ya gaya maka ko shi wane ne. Teburi gare shi a 125th Street, yana sayar da huluna da tabarau da rigar waya, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara wuyan riga ya ce import-export. A bakinsa ya taɓa zama maharbi a dajin Maradi, ya taɓa gyara jirgin saman da ya ƙi tashi a Agadez, kuma shi ya fara koya wa mutanen Harlem cin kilishi. Matarsa Iyatu ta daɗe da daina gyara masa labari. In ya fara, sai ta ƙara wa rediyo murya.

Bana sai ya ƙudurta zai zama shugaban ƙungiyar 'yan hayar gininmu. Muƙamin ba wani abin azo a gani ba ne: riƙe makullin zauren taro da ke ƙasa, da yi wa mai gida masifa in hita ta mutu cikin sanyi. Madam Abena ce ke riƙe da shi shekara da shekaru, wata Kirista 'yar Kumasi da ta tashi a Zango, unguwar Hausawa, mai aikin kula da tsofaffi, wadda in ta zage ka da Hausa sai ka koma gida ka yi tunani kafin ka gane zagi ne.

Matsalar ita ce tun kafin a sa ranar zaɓe Elhadji ya riga ya tura saƙon murya zuwa zauren danginsa na WhatsApp, cewa an naɗa shi président a New York. Mutanen Maradi suka yi ta turo barka. Wani maroƙi har ya shirya masa kirari na musamman ya turo. Yayansa kuma ya ce ranar rantsarwa lallai a kira su ta bidiyo, su gani da idonsu. To ka ga dole ya ci zaɓen nan ko ta halin ƙaƙa, in ba haka ba ƙaryarsa ta tashi daga Bronx ta sauka a tsakar gidan ubansa.

Zaɓen an saba yin sa ne ranar Asabar, jajiberin Ista, da zarar yara sun gama neman ƙwai a filin bayan gini, don ranar ce kaɗai kowa ke saukowa. Madam Abena takan ɓoye ƙwayayen roba masu launi da alewa a ciki, yara su bi ciyawa suna tsinta, iyaye su tafa, sannan a ɗaga hannu a sake zaɓenta. Elhadji ya duba lamarin sama da ƙasa. Musulmin gini, a ganinsa, suna cikin aljihunsa. Saura Kiristoci: 'yan Ghana, 'yan Laberiya, da 'yan Dominika na hawan sama. Ya ce duk sirrin matar nan a cikin ƙwan yake, wanda ya ƙwace bikin ya ƙwace kujerar.

Ni ya fara nema, da yake bara na gama digiri a fannin tarihi. Ya tare ni a matakala ina ɗauke da kwandon wanki.

"Fauzia, ɗiyata, tsaya. Ke da kinka yi université, hwaɗa mini, mi ya haɗa zomo da ƙwai? Ni dai maharbi ne, ban taɓa ishe zomo kwance bisa ƙwai ba."

Tambaya ce da na daɗe ina jiran wani ya yi mini. Na ajiye kwandon. Na gaya masa cewa abu biyu ne suka cakuɗa. Wani tsohon malamin coci a Ingila ya rubuta cewa kafin Kiristanci ya iso can, maguzawan Turai suna da wata allahiya ta bazara, kuma daga sunanta watan bikin, da shi kansa Ista, suka samu suna. Mutane da yawa suna cewa zomo dabbarta ce, alamar haihuwa da yalwa, saboda kowa ya san zomo ba ya wasa da wannan fanni.

"A'a," ya ce. "Doguwar Nasara ke nan. Ashe su ma sun yi bori."

Na ce ya bi a hankali, don masana har yau gardama suke ko an taɓa bauta mata da gaske, kuma babu tsohuwar shaidar da ta haɗa ta da zomo. Abin da aka tabbatar shi ne Jamusawa ne suke gaya wa 'ya'yansu zomo na kawo ƙwai, su suka shigo da al'adar ta Pennsylvania. Shi kuwa ƙwai labarinsa na coci ne. A da, in Kiristoci suna dogon azuminsu na kafin Ista, ba sa cin ƙwai, kaji kuma babu wanda ya gaya musu, sai suka ci gaba da saka shi. Ranar biki ga ƙwai tuli. Sai aka riƙa rina shi ja, aka ce ɓawonsa kabari ne da ya buɗe, abin da ke ciki kuma alamar sabuwar rayuwa.

Ina cikin bayanin yadda ake yi a Girka na lura idonsa ya tafi wani wuri, yana motsa baki kamar mai lissafin gado.

"Bon. Ja, kinka ce. Sabuwar rayuwa, kinka ce. Ke nan kowane biki da dabbarshi. Mu rago, Thanksgiving talotalo, wanga kuma zomo."

Na ce to, kusan haka ne.

"Voilà," ya ce, ya bar ni tsaye da rabin Girka a baki.

Ya sami Madam Abena a bakin akwatunan wasiƙu, tana hira da Malam Wahab, limamin ɗan masallacinmu, mutumin Tamale, wanda suka daɗe suna tsokanar juna kamar abokan wasa. Elhadji bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce shi abin yana ci masa rai, a ce mutane masu babban biki irin wannan ana sallamar 'ya'yansu da ƙwan roba da zomon kwali. A ƙasarsu, in ji shi, ko maƙiyinka ba ka miƙa masa roba ranar salla. Saboda haka bana shi zai ɗauki nauyin komai, da ƙwai na gaske da zomo na gaske.

"Ei, Alhaji," in ji Madam Abena. "Yaushe aka yi maka baftisma ba a kira ni ba?"

Ya ce ba baftisma ba ce, coopération ce.

Malam Wahab ya gyara zama ya ce shi dai bai ga abin da ya kai mai zuwa Makka shiga sabgar zomo ba, wannan ai maguzanci ne tsagwaronsa, a nuna masa annabi ɗaya da aka ambata da zomo. Madam Abena ta ce kada ya wahalar da kansa, faston cocinsu ma duk shekara haka yake faɗa a kan mumbari, babu zomo a Littafi Mai Tsarki, amma ana tashi daga coci shi ke cinye zomon cakulan na jikokinsa, daga kunne yake farawa. Malam ya ce su dai ragonsu da ayarsa. Ta ce madalla, to balan-balan da tabarau na roba da yaran Musulmi ke yawo da su ranar salla fa, a wace sura suke? Malam ya ce zai duba.

Ita kuwa gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, ga aikin kwana da wuni a makon, don haka ta sakar wa Elhadji bikin ba tare da ja-in-ja ba.

"Sharaɗi ɗaya," ta ce. "Yaro ko ɗaya kada ya yi kuka."

Ya dafa ƙirji ya ce yaran ginin nan za su tsufa suna ba jikokinsu labarin ranar. Wannan kam, a cikin duk abin da ya taɓa faɗa, shi kaɗai ne ya cika.

Washegari ya tafi kasuwar kaji masu rai da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda muke sayen kaza a yanka mana. Ya zaɓi zomaye huɗu kamar mai zaɓen rago: ya matsa cinya, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya ɗaga ya auna a hannu, ya ƙi wani saboda kunnensa da tsaga, ya ce mai aibi ba ya halatta. Mai sayarwa ya rantse masa duk maza ne. Ya kawo su gida a kwali ya juye a bahon wanka.

Daga ranar Iyatu ta koma wanka a gidan maƙwabta. Zomayen suka cinye wayar cajinsa, suka cinye gezar dardumar salla, ɗaya ya fita ya shiga buhun hulunan sayarwa ya mayar da su raga. Elhadji ya ce duk wannan kuɗin kamfen ne.

Autarsu Shamsiya, 'yar shekara bakwai, haifaffiyar Bronx, wadda ke jin Hausa sarai amma sai ta ga dama take amsawa da ita, ita ta raɗa musu suna. Farin Snowball, mai dabbare-dabbare Cookie, ƙaramin Princess, mai ƙaton tumbin kuma ta ce sunansa Alhaji. Kafin a ce me, labari ya zagaye gini. Yara suka riƙa yin layi a ƙofar gidan bayan makaranta, kowa da karas ɗinsa ko ganyen latas da ya sato daga firjin uwarsa. Suna shafa su, suna taje musu gashi, wata 'yar Dominika ta kawo musu ribon na wuya.

Daɗi ya kashe Elhadji. Ya ce wa Iyatu ta duba, yara ko'ina ɗaya suke. Haka su ma a Maradi suke wanke ragon layya, su ba shi dusa da harawa, su ɗaura masa kyalle, su zagaya gari da shi. Yana tsaye a bakin bayi yana ce wa yaran, "Ku ba su, ku ba su su ci. Eat, eat. Su yi ƙiba."

Iyatu ta fara zargin wani abu ne da ta ga ya shigo da buhun gawayi, da albasa, da garin ƙuli-ƙuli, da tsinkayen tsire. Ta tambaye shi na mene ne. Ya ce surprise ne. Ta dube shi, ta dubi bahon, ta ce, "Elhadji, yaran ƙasar nan ba irin namu ba ne. Na gaya maka." Ya ce ita tuwo ta sani, ba ta san siyasa ba. Ta ƙara wa rediyo murya.

Sai maganar ƙwai. Ya sayo kiret-kiret, ya ce wa Iyatu ta kwaɓa lalle, don ba zai rina ƙwan mutane da fentin kanti ba alhali ga jan asali. Ta ce to bari ta dafa tukuna. Ya yi tsalle kamar an taka shi. Ya ce Fauzia da bakinta ta ce ƙwai alamar sabuwar rayuwa ne, dafaffen ƙwai kuwa gawa ce, shi ba zai raba wa Kiristoci gawarwaki ranar bikinsu ba. Haka aka shafe ɗanyen ƙwai da lalle aka jera a tire. Da lallen ya kama aka goge, sai ga su sun fito ba ja ba, launin ƙasar filin bayan gini sak.

Ranar Asabar da ya dawo daga sallar asuba ya sauka ya ɓoye su shi kaɗai. Ya ce Madam Abena ba ɓoyewa take ba, shanya take, ƙwai a fili kamar tallan tumatir. Shi zai ɓoye irin na zabuwa, don yana yaro babu sheƙar zabuwar da ta gagare shi a dajin ƙauyensu. Ya tura wasu ƙarƙashin busasshen ganye, ya binne wasu a gindin ciyawa, ya cusa wasu a tukwanen furanni da ƙarƙashin matasan benci. Ragowar, wajen rabin kiret, ya yi musu sheƙa guda a bayan wani ɗan kurmi ya rufe da ganye. Ya tsaya ya duba filin, shi kansa bai ga ko ɗaya ba. Ya yaba wa kansa.

Da hantsi fili ya cika. Yara sun sha kwalliya, 'yan mata cikin fararen riguna da ruwan hoda, kowa da ɗan kwandonsa. Elhadji ya sauko cikin babbar rigar farar shadda da ta sha bugu, yana ƙamshin turare tun daga hawa na uku. Ya kira Maradi ta bidiyo, ya damƙa wa Iyatu wayar, ya ce ta bi shi da ita duk inda ya yi, kada ta bar komai ya wuce su. A fuskar wayar ana ganin yayansa zaune a kan tabarma, da kawuna sun yi cincirindo a bayansa.

Ya yi jawabi da Hausa da Faransanci da abin da ya samu na Turanci. Ya ambaci haɗin kan addinai, ya ambaci hita, ya ambaci Pennsylvania. Sannan ya busa usur, yara suka bazama.

Suka yi ta nema. Suka bi bakin katanga, suka dawo. Wani yaro ya tsinci marfin kwalba, wata ta tsinci safa ƙafa ɗaya. Iyaye da suka ɗaga wayoyi don ɗaukar hoto suka fara sauke hannu. Madam Abena ta tambaye shi ko dai ya manta ƙwan a sama. Ya ce a bar yara su koyi haƙuri, a daji zabuwa ba ta sa alama.

Malam Wahab ne ya fara samun ƙwai. Ya zo ne, in ji shi, don zaɓe kawai, ba don maguzanci ba, ya nemi benci a gefe ya zauna a kan matashi. Aka ji wani ɗan ƙas. Malam bai motsa ba. Ya ɗaga kai sama ya yi salati a hankali, ya ci gaba da zama, don ya san in ya tashi kowa zai ga abin da ya samu.

Daga nan abin ya ɓalle. Wata 'yar Dominika ta taka ɗaya da farin takalminta na coci, ta faɗi wata kalma da Sifaniyanci da ta sa mijinta ya toshe wa ɗansu kunne. Wani ɗan Laberiya ya sa hannu a tukunyar fure ya fito da shi yana ɗiga. Sai wata 'yar ƙaramar yarinya ta sami nata lafiyayye, ta zo da gudu tana murna, ta matse shi da hannu biyu a ƙirjinta don ta buɗe ta ciro alewa kamar yadda ta saba. Gwaiduwa ta gangaro a kan farar rigarta har gwiwa. Ta dubi rigar, ta buɗe baki, ta saki kuka.

Madam Abena ta juyo ta dubi Elhadji.

"Ba kuka ba ne," ya ce. "C'est l'émotion. Daɗi ne ya yi mata yawa."

Ya ga abin na neman ƙwacewa, sai ya ce a bar ƙwai haka, a zo ga babban shiri. Ya haura da gudu ya sauko da kwandon wanki, zomaye huɗu a ciki, kowanne da ribon a wuya. Nan take fili ya sauya. Yara suka zubar da kwanduna suka kewaye shi, mai kuka ta manta da kukanta, iyaye suka sake ɗaga wayoyi. Na ji wani ɗan Ghana yana cewa mutumin nan dai ya yi ƙoƙari, duk shekarun nan ba su taɓa ganin zomo mai numfashi ba. 'Yar Dominikan mai takalmi ma ta yi murmushi. Daga cikin waya aka ji maroƙin Maradi ya ɗauko kirari. Da Elhadji ya tsaya a nan, wallahi da ya ci zaɓen nan.

Bai tsaya ba. Ya zagaya bayan kwandunan shara ya jawo murhun gashi da gawayi a ciki. Ya durƙusa ya haƙa ɗan rami da cokalin miya. Ya tambayi Malam Wahab ina gabas, Malam ya nuna daga zaune ba tare da ya san dalili ba. Sannan ya naɗe hannayen babbar riga a kafaɗa, ya warware wata jarida, ya fito da wuƙar da ya kwana yana wasawa, ya miƙa hannu ya karɓi Snowball daga hannun Shamsiya.

"Children, come close," ya ce. "Now we do the real Easter."

Ya kira Madam Abena, a matsayinta na babba, ta zo ta riƙe ƙafafu, ya ce cinya tata ce. Fata kuma, kamar yadda aka saba, ta Malam ce.

Iyaye suka sauke wayoyi. Har maroƙin ya katse kirarinsa.

"Baba," in ji Shamsiya, "what are you doing to Snowball?"

"Layya, ɗiyata. Layyar Kirista."

Na ce muku yarinyar tana jin Hausa sarai. Ta juya ta fassara wa sauran yaran cikin kalma uku na Turanci, kuma ba ta sassauta ba.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Tantabarun da ke kan rufi suka tashi gaba ɗaya. Shamsiya ta yi tsalle ta cafe hannun ubanta ta gantsara masa cizo, ya saki Snowball, wuƙa ta faɗi, Malam Wahab ya manta da sirrin da yake zaune a kai ya zabura ya take ta da ƙafa, duk wanda ke bayansa ya ga taswirar da ke jikin jallabiyarsa. Wani yaro ya kifar da kwandon don ya ceci sauran. Zomaye suka watse kusurwa huɗu. Yara kuma suka kasu biyu, rabi suna kuka, rabi suna dukan Elhadji da kwandunan Ista.

Shi kuwa har lokacin bai gane abin da ya faru ba. A zatonsa nama ne ke gudu. Ya ce kowa ya kauce, maharbi ya zo, ya tattare riga ya bi mai ƙaton tumbin. Zomo ya yi hagu, Elhadji ya yi hagu, ƙas. Zomo ya yi dama, Elhadji ya yi dama, ƙas, ƙas. Duk ƙwan da yaran gini suka kasa samu, shi ya riƙa samo su ɗaya bayan ɗaya da tafin ƙafa. Takalminsa ɗaya ya fita. Zomo ya shige ɗan kurmin nan, Elhadji ya yi sufa a kansa, santsi ya kwashe shi, ya juya a iska ya sauka daɓas da mazaunai a tsakiyar sheƙar zabuwarsa, a kan rabin kiret.

Zomon ya fito ta ɗaya gefen, ya tsaya yana motsa hanci, wata yarinya ta ɗauke shi ta rungume.

Iyatu kuwa mace ce mai bin umarnin miji. Duk inda ya yi ta bi shi da waya, ba ta bar komai ya wuce mutanen Maradi ba. Ta matso kusa ta haska shi da kyau, farar shadda ta koma ruwan ɗorawa, ɓawon ƙwai a gemu, hula a can gefe. Sai aka ji muryar yayansa tana tambaya, da gaske ba da wasa ba, ko haka ake rantsar da shugaba a Amirka.

"Ewurade," in ji Madam Abena, ta kira Ubangiji da yarensu, tana riƙe da ƙugu. "Alhaji, zomon Ista ba a cin shi. Shi ke kawo wa yara kyauta. Ka taɓa ganin an yanka ɗan aike?"

Daga zaune a cikin ƙwai ya ce wannan magana ba ta shiga hankali. Wane irin biki ne za a kawo dabba, a ciyar da ita, a ɗaura mata kyalle, sannan kowa ya koma gida da yunwa? Ya nemo ni da ido cikin taro ya ce ga shaidarsa nan, Fauzia ta ce kowane biki da dabbarshi. Na ce ni alama na ce, Baba, zomon alama ne.

"To rago ba alama ba ne?" ya ce. "Kuma munka ci shi."

Malam Wahab, yana jingine da katanga don ya ɓoye bayansa, ya ce gaskiya ta fuskar ƙiyasi mutumin bai yi nisa da hanya ba, sai dai ya shigo ta ƙofar da ba tasa ba. Madam Abena ta ce Malam ya fara zuwa ya wanke ƙiyasin da ke bayan rigarsa.

Ba a ko shiga zauren taro ba, a nan filin aka yi zaɓe. Aka ce masu son Madam Abena ta ci gaba su ɗaga hannu. Kiristoci suka ɗaga. Musulmin da ke cikin aljihun Elhadji suka fito daga aljihun suka ɗaga. Iyatu ta mayar da waya hannun hagu ta ɗaga na dama. Aka ce masu son Elhadji Habibou. Ya ɗaga nasa shi kaɗai, gwaiduwa ta gangara ta cikin hannun riga har hammata.

Sai Shamsiya, tana shessheƙa, Snowball a ƙirjinta, ta ce ita ba ta yarda a mayar da zomayen gidansu ba sai an yi doka. Madam Abena ta ce yarinya ta fi su hankali. Nan take ta kawo shawara: daga yau zomayen nan na ƙungiya ne, ba mai taɓa ko gashinsu, kuma an naɗa Elhadji Habibou mai kula da su, ci da sha da share kashi duk a wuyansa, yaran gini kuma suna da izinin ƙwanƙwasa masa ƙofa kullum su ƙirga su. Masu goyon baya su ɗaga hannu.

Babu hannun da ya rage a ƙasa, har na yara.

Elhadji ya dubi hannayen nan, ya miƙe a hankali yana ɗiga, ya fizge wayar daga hannun Iyatu ya zagaya da ita a kan taron.

"Kun gani da idonku," ya ce wa mutanen Maradi. "À l'unanimité. Babu wanda ya ƙi."

Yayansa ya ce sun gani, amma président na mi? Elhadji ya ce réseau ba shi da kyau, layi na yankewa, ya danna jan maɓalli da babban yatsa.

Ƙwan da ba a samu ba sun sanar da inda suke da kansu da zafi ya shigo, har 'yan hawan ƙasa suka daina buɗe taga. A Maradi, in ji Iyatu, maroƙin bai janye kirarinsa ba, ya dai ƙara masa baiti biyu da yara ke rerawa a bakin rijiya. Su kuwa zomayen nan huɗu da aka rantse duk maza ne, kafin Babbar Salla Princess ta haihu, Cookie ta haihu, shi kansa Alhaji mai tumbi ashe ba ƙiba ba ce. Yara suna zuwa ƙirga kullum, kullum lissafi sai gaba yake yi. Iyatu ta kai soso da sabulunta gidan maƙwabta ta ajiye can gaba ɗaya.

Rannan ya sake tare ni a matakala, da buhun karas a kafaɗa, ya rame, gashin zomo duk a jikin rigarsa. Ya waiga ya ga babu kowa, ya rage murya.

"Fauzia, ɗiyata. Doguwar nan ta Nasara, mai haihuwa. A cikin karatunki, babu inda anka hwaɗi yadda ake ba ta haƙuri?"

Na fara yi masa bayani cewa ai na gaya masa, masana da yawa suna shakkar ko ma an taɓa yin ta.

Ya sauke buhun ya dube ni.

"Zo ki leƙa bahona," ya ce, "sannan ki hwaɗa mini babu ta."